Gwajin zuciya na 'eko': Abin da ya kamata ka sani kafin ka shiga ɗakin hoto

Mace ta haihu da wata biyu, sai ta fara haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, ƙafafu sun kumbura, da dare ba ta iya barci sai ta jingina da matasai. A gida a ce gajiyar jego ce. A asibiti kuwa likita ya ce a je a yi "eko". Nan hankalin dangi yake tashi, wasu ma su yi ta ɗage zuwa har abu ya yi nisa.

Alhali gwajin ba shi da abin tsoro.

Mene ne eko?

Ɗan'uwan sikanin ɗin da ake yi wa masu juna biyu ne, sai dai shi zuciya yake dubawa. Na'urar tana aika sautin da kunne ba ya iya ji zuwa cikin ƙirji, sautin ya bugi zuciya ya dawo, kwamfuta ta mayar da shi hoto mai motsi. Likita Inge Edler da masanin kimiyya Hellmuth Hertz ne suka fara gwada dabarar a Suwidin a 1953.

Eko daban, ECG daban. ECG yana zana yadda bugun zuciya ke tafiya, shi kuwa eko yana nuna girman ɗakunanta huɗu, kaurin bangonta, yadda ƙofofinta ke buɗewa da rufewa, da ko ruwa ya taru a kewayenta.

Yadda ake yin sa

Za ka cire riga ka kwanta a gefen hagu. Ma'aikaci zai shafa maka wani mai mai sanyi da santsi a ƙirji, ya riƙa zagayawa da kan na'urar tsakanin haƙarƙari. Zai ɗan danna, wani lokaci ya ce ka riƙe numfashi. Idan ka ji ƙara kamar ta iska, motsin jininka ne. Babu allura, babu yanka, kuma galibi ba ya wuce awa guda. Kana iya cin abinci kafin ka zo. Mace na iya neman a rufe mata jiki da mayafi, ko wata ma'aikaciya ta tsaya tare da ita.

Akwai kuma nau'in da ake zura siririn bututu ta maƙogwaro. Shi ne ake hana ci da sha na wasu awanni kafin a yi, kuma za a sanar da kai tun da wuri.

Me sakamakon ke nufi?

A takardar za ka ga harufan EF, wato kason jinin da zuciya ke turawa waje a kowane bugu. Kashi 50 zuwa 70 cikin 100 shi ne daidai. Wanda ya yi ƙasa da 40 yana nuna rauni, amma likita ne zai haɗa shi da sauran alamomi ya yi bayani.

Arewacin Najeriya na cikin yankunan duniya da raunin zuciya bayan haihuwa ya fi yawa, ga hawan jini da ke kaurara bangon zuciya a ɓoye. Manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna yin gwajin. Da yawan masu jegon da aka gano ciwonsu da wuri zuciyarsu kan farfaɗo da magani.

Don haka idan an rubuta maka eko, ɗauki magungunanka da tsoffin takardun asibiti ka je. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.