Tulin duwatsun Azbin: kaburbura ne, ba rumbun zinare ba

Tun da aka fara rububin zinare a Jado da Cibarakaten a 2014, wata magana ta bazu a tashoshi da majalisu: wai tulin duwatsun nan da ke warwatse a tsaunukan Azbin, arewa da Agadas, kaburburan Samudawa ne, kuma da dukiyarsu aka binne su.

Cewa kaburbura ne, gaskiya ne. Tun kafin zuwan Musulunci aka tara su, wasu sun haura shekara 4000. Amma zancen Samudawa ba shi da tushe. Masu binciken kayan tarihi, irin su François Paris, sun tona da dama, kuma galibi abin da suke tararwa shi ne mamaci guda, kwance a kan gefensa, an naɗe masa ƙafafu. Ƙasusuwan na mutane ne kamarmu.

Batun zinare kuwa yana da ɗan abin kamawa, shi ya sa yake da wuyar mutuwa. A 1925 aka buɗe kabarin Tin Hinan a Abalessa, cikin duwatsun Ahaggar na Aljeriya, aka sami awarwaro na zinare da na azurfa. Sai dai wancan babban gini ne mai ɗakuna, na wata mace mai daraja da ta rayu wajajen ƙarni na 4. A Azbin, abin da aka saba samu bai wuce tsakiyar dutse, ko ta ɓawon ƙwan jimina, da ɓarin tukunya ba, wani lokaci da ɗan tagulla. Sau da yawa ma ƙashi ne kawai. Mai tono yakan tashi hannu rabbana, alhali ya watsa ƙasusuwan da ake aunawa a san shekarun kabarin da rayuwar makiyayan da suka zauna nan lokacin da Sahara ke da ciyawa. Wannan asara ce da ba ta gyaruwa, ga kuma keta alfarmar mamaci.

Masu cewa daji ba shi da mai shi sun yi kuskure. Dokar Nijar mai lamba 97-022 ta 30 ga Yunin 1997 ta hana tono irin wannan ba da izinin hukuma ba. Gaskiya ne UNESCO ta sa gandun Azbin da Tenere cikin jerin kayan gadon duniya a 1991, amma saboda namun daji da yanayin ƙasarsa ne, kuma ba ta ajiye masu gadi a kan kowane kabari ba.

Don haka tsaron yana hannun mutanen wurin. Wanda ya ga ana tona ɗaya, ya sanar da mai gari ko hukuma mafi kusa.