Daimon ɗin da ake nuna maka a tasha

Ɗan'uwa mai fatauci, in kana zirga-zirga tsakanin Aflao da tashar Agbalepedo a Lome, wata rana wani zai ja ka gefe, ya kwance ƙulli, ya ce daimon ne daga Akwatia ta Gana. To, tsaya ka ji.

Gaskiya ne akwai daimon a yankin kogin Birim, tun 1919 aka gano shi. Amma galibinsa ƙanana ne, na aikin yankan gilashi da huda dutse.

Yanzu kuma ana ƙera daimon a masana'anta, musamman a Sin da Indiya. Ba jabu ba ne fa, sinadarinsu ɗaya, taurinsu ɗaya. Ido ba ya bambanta su. Ko 'yar na'urar gwajin nan mai kama da biro, duka biyun takan ce daimon ne. Sai dai na masana'anta ya yi arha ƙwarai, ranar sayarwa da ƙyar ka sami mai tayawa.

Ga kuma doka. Togo da Gana suna cikin yarjejeniyar Kimberley, ɗanyen daimon ba ya ƙetare iyaka sai da takardar gwamnati. In ba ta, kwastan suna iya ƙwacewa, kuɗin bijiminka ya tafi.