Mai Sayen Sashe a Dogon Bene, Ya Duba Bayan Ƙofarsa

Bahaushen da ya tashi a gidan gado, inda zaure da katanga da rijiya duk mallakar zuriya ɗaya ce, idan Allah ya kai shi Toronto ko Niyok har ya tara abin sayen muhalli, galibi ba gida sukutum yake samu ba, sai sashe guda a dogon benen da ake kira kwandominiyam, wanda ɗakunan ciki nasa ne, amma rufi da harsashi da lif da wurin ajiye motoci tarayya ce tsakaninsa da maƙwabtan da ko sunansu bai sani ba.

Yawancin 'yan'uwanmu sukan ɗauko mai duba gida ya murɗa famfo, ya gwada lantarki, ya nemi danshi a gindin taga, daga nan hankali ya kwanta. Wannan wajibi ne, sai dai bai wadatar ba, domin aibin da ke halaka dukiya, wani lokaci har da rai, yakan ɓuya ne a wurin tarayya, kuma malaman fiƙihu tun tuni suka hana cinikin garari, wato sayen abin da ba a san haƙiƙaninsa ba.

Ranar 24 ga Yuni, 2021, wani ɓangare na benen Champlain Towers South da ke Surfside a jihar Florida ta Amurka ya rushe cikin dare, mutum 98 suka rasu, alhali tun 2018 injiniya ya rubuta cewa ruwa ya ci simintin da ke ƙarƙashin dandalin wurin iyo, aka yi ta jan ƙafa a kan gyaran da aka kasafta wa masu sassa kimanin dala miliyan 15. Wanda ya sayi sashe a tsakanin nan, komai kyan fentin ɗakinsa, da rabonsa na wannan bashi ya saya.

A lardin Ontario na Kanada doka ta ba mai saye damar neman takardar shaidar halin gini, kuɗinta bai wuce dalar Kanada 100 ba, a kuma ba shi cikin kwana 10. A cikinta ake ganin asusun ajiya na gyare-gyare, da shari'un da ke kan ƙungiyar masu sassan ginin. Ɗan'uwa, ka nemi irinta duk inda kake, ka kai wa lauya, ka sauka da ƙafarka wurin ajiye motoci ka dubi ginshiƙai, kafin ka sa hannu.