Sankarar Baki: Yadda Likitoci Ke Gane Ko Ta Fara Yin Jijiya

Sankarar baki tana kama harshe, dasashi, leɓe, ganda ko cikin kumatu. Alƙaluman hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 kimanin mutane 390,000 suka kamu da ita, kusan 188,000 kuma suka rasu. Manyan abubuwan da ke haddasa ta su ne shan taba, ƙunsa garin taba a baki da shan barasa.

Kashi 90 cikin 100 na wannan cuta yana farawa ne daga siririyar fatar da ta lulluɓe cikin baki. A ƙarƙashinta akwai wani tantani mai kama da dangar gona. Muddin gurɓatattun ƙwayoyin halitta ba su keta shi ba, cutar tana nan wuri guda. Da zarar sun keta, sai su shiga tsoka da ƙashi, su gangara zuwa kaluluwar wuya.

Domin gane inda aka kwana, likita kan ɗan yanki nama daga wurin, a kai ɗakin gwaji, a duba a madubin likita. Akan kuma rina naman da wasu sinadarai masu bayyana nau'o'in furotin da ke cikinsa. Furotin E-cadherin shi ne ƙaron da ke manne ƙwayoyin halitta da juna. Idan ya ragu, sai su ɓalle su fara yawo. MMP-2 da MMP-9 kuwa narkar da tantanin suke yi, don haka yawansu alama ce ta cewa cutar na huda hanya. Shi kuma Ki-67 yana nuna saurin hayayyafar ƙwayoyin.

Har yanzu masana na nazarin waɗannan alamomi, kuma ƙarin haske ne kawai suke bayarwa. Hukunci ya dogara ne ga girman ƙarin, zurfin da ya yi cikin nama, wanda ake aunawa da milimita, da kuma ko ya kai wuya. Ƙarin da ya wuce milimita 10 a zurfi ya fi wanda bai kai 5 ba haɗari ƙwarai.

Saboda haka, duk gyambon baki da ya haura mako biyu bai warke ba, ko fari ko jan tabo, ko ƙulli a wuya, a garzaya asibiti. Kada a tsaga, kada a ƙona. Yankar ɗan nama don gwaji ba ya yaɗa cutar. Asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri suna da sassan tiyatar baki da muƙamuƙi.

Ana kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da su isar da wannan saƙo, su kuma tura marasa lafiya da wuri. Allah Ya ba mu lafiya, amin.