Cuta in ta shiga jinin yaro

 Yau za mu yi magana bisa cutar da likitoci ke kira seftisemi. Ƙwayar cuta ce ke shiga ta cibiya, ko ta miki, ko ta huhu, har ta kai cikin jini. Jiki ya tashi faɗa da ita, faɗan ya yi yawa, sai ya taɓa ƙoda da zuciya.

Ka duba jaririnka. In ya ƙi nono, jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, yana numfashi da sauri, ko cibiya ta yi ja tana ruwa, kada ka jira gari ya waye. Ku tafi gidan likita.

Babban magani allura ce mai kashe ƙwayar cuta, kamar ampisilin da jantamisin. Duk sauran abubuwa taimako ne. Akwai iskar numfashi da ake sa wa yaro a hanci, akwai ruwan sukari, akwai ƙarin jini.

Ƙarin ruwa kuwa, a nan mutane ke gardama. Wani uba in ya ga ruwa na ɗiga sannu, sai ya ce likita ya yi sakaci. Ba haka ba ne. A 2011 an ba da labarin wani bincike da aka yi a Uganda, Kenya da Tanzaniya bisa yara fiye da 3,000 masu masassara mai tsanani. Waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa. Saboda haka kada ka taɓa robar da hannunka.

Mu ma ƙasarmu ta ba da nata. A jihar Doso, an riƙa ba yara daga wata 1 zuwa wata 59 maganin azitromisin sau 2 a shekara. A 2018 aka bayyana cewa mutuwar yara ta ragu da 18 bisa 100. Amma wannan rigakafi ne. Ba ya warkar da yaron da ya riga ya kwanta, kuma shan irinsa barkatai yana sa ƙwayar cuta ta saba da shi. Kada ka saye shi a tebur.

Uwa, ke ma ga naki. Kada ki sa toka ko kashin shanu a cibiya. Tambayi ungozoma maganin kuloreksidin. A cibiya kaɗai ake shafa shi, kada ya kusanci ido.