Yadda Ake Koya Wa Ɗaliban Likita Aikin Ƙoda

Kafin a bar ɗalibin likita ya taɓa majiyyaci, sai ya fara sanin yadda jikin mai lafiya yake aiki. Haka tsarin yake a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ta buɗe sashen koyon likita cikin 1967, da sauran jami'o'in ƙasar nan. A cikin darussan kuwa, kaɗan ne suka kai na ƙoda wuya.

Dalili shi ne ƙoda ba ta aiki ita kaɗai. Kowace ɗaya tana da ƙananan matatu kimanin miliyan guda. Su biyun suna tace ruwa wajen lita 180 daga jini kowace rana, amma abin da ke fita a fitsari kimanin lita ɗaya da rabi ne, sauran yakan koma jiki. Mai ƙayyade yawan abin da zai koma shi ne homon, watau sinadarin da wani sashen jiki yake aika wa wani ta cikin jini. Idan manomi ya yini yana gumi a zafin bazara, wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yakan saki homon wanda zai sa ƙoda ta riƙe ruwa, sai fitsari ya ragu, ya yi ja. Ita ma ƙodar tana aika nata saƙon, wanda ke sa ɓargo ya ƙera jini. Ɗalibin da ya fahimci wannan ba zai yi mamaki ba ranar da ya ga mai ciwon ƙoda yana fama da ƙarancin jini. Wanda ya haddace kawai don jarrabawa kuwa, a gaban gadon majiyyaci asirinsa zai tonu.

Hawan jini da ciwon sukari suna cikin manyan abubuwan da ke lalata ƙoda, kuma sukan yi shekaru suna ɓarna mutum bai ji kome ba. An fara dashen ƙoda a Nijeriya cikin 2000 a Asibitin St. Nicholas na Legas, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya biyo baya cikin 2002. Amma dashe da wankin ƙoda, wanda ake yi sau biyu ko uku a mako, sun fi ƙarfin talaka. Mutanen Gashuwa ta Jihar Yobe, inda cutar ta yi yawa, sun san haka.

Saboda haka malamai suke matsa wa ɗalibi ya riƙa auna jinin majiyyaci da duba fitsarinsa tun ƙafa ba ta kumbura ba, domin da yawansu a asibitocin karkara za su fara aiki, inda babu injin wankin ƙoda.