Rabon iko a tafiyar da mujallar ilimi ta cibiyar bincike

A cikin wannan takarda muna so mu duba wata matsala da ba a cika tsayawa a kanta ba a tarurrukan sashe, wato yadda ake mulkin mujallar ilimi da tafiyar da ita a cibiyar bincike ta jami'a. Galibi in aka ta da maganar mujalla, kuɗin bugawa ake fara ambata. A ganinmu kuɗi matsala ce ta biyu. Ta farko ita ce rabon iko: wa ke da mujallar, wa ke yanke hukunci a kan abin da zai shiga cikinta, kuma wa zai riƙe ta in waɗanda suka kafa ta sun tafi.

Bari mu fara da misalin gida. Cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta Yamai, wadda aka sani da IRSH, ta samo asali ne daga reshen IFAN da aka buɗe a Yamai a 1944. A 1964 ta koma cibiyar ƙasa mai suna CNRSH, sannan a 1974 aka shigar da ita cikin jami'ar Yamai da sunan da take amsawa yau. Sunan gidan ya sauya, hukumar da ke kula da shi ta sauya, amma jerin Études nigériennes da aka soma tun shekarun 1950 ya ci gaba da sunansa da lissafin lambobinsa. A cikinsa ne aka buga aikin André Salifou kan sarautar Damagaram a 1971, da na Djibo Hamani kan tarihin Adar a 1975, mutane biyun da jami'o'in Damagaram da Tawa ke ɗauke da sunayensu a yanzu. Gaskiya ne wannan jerin littattafai ne. Mujallar maƙaloli ta cibiyar ita ce Mu Ƙara Sani. Amma darasin ɗaya ne. Abin da ya raya jerin shi ne kasancewarsa dukiyar cibiya, ba ta darakta ba. Haka ma Harsunan Nijeriya, mujallar cibiyar nazarin harsuna ta jami'ar Bayero a Kano, wadda aka fara tun farkon shekarun 1970, ta ga shugabanni da dama sun zo sun wuce.

To, in cibiya ce mai mujalla, shin daraktan cibiya ne mai yanke hukunci? A nan ake yawan ruɗewa. Bisa tsarin da muka gada daga dokar Faransa, kowace mujalla tana da daraktan bugawa, wanda shi ke amsa kira in an kai ƙara kan abin da aka buga. Sau da yawa daraktan cibiya ne ke riƙe da wannan matsayi, kuma babu laifi. Shi ke sa hannu a kan kasafin kuɗi, shi ke ƙulla yarjejeniya da maɗaba'a, shi ke kare mujalla a gaban majalisar jami'a. Abin da bai kamata ya shiga hannunsa ba shi ne karɓar maƙala ko ƙin ta. Wannan aikin babban edita ne tare da kwamitin editoci, bayan sun ji ra'ayin masu tantancewa. Kwamitin masana kuwa, wanda ake jera sunayen membobinsa a shafin farko, aikinsa sa ido ne a kan alkiblar mujalla da sauraron ƙarar marubucin da yake ganin an zalunce shi. Mun sha ganin mujallun da wannan kwamiti ya zama ado kawai, sunayen manyan farfesoshi na ƙasashe biyar ko shida da ba a taɓa aika musu da maƙala ko ɗaya ba. Wanda ya san harkar yakan gane haka da wuri.

Me ya sa wannan rabon iko yake da nauyi a wajenmu fiye da wasu wurare? Dalilin shi ne ƙarin girma. Malami ko mai bincike a jami'o'inmu yana hawa daga mataki zuwa mataki ne ta hanyar CAMES, hukumar da shugabannin ƙasashe suka kafa a taronsu na Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu. Kwamitocinta na ƙwararru suna zama kowace shekara su duba takardun ƴan takara, kuma maƙalolin da aka buga su ne ƙashin bayan waɗannan takardu. Saboda haka duk lokacin da ranar rufe karɓar takardu ta matso, ƙofar edita ba ta rabuwa da baƙi. Wani abokin karatunsa ne, wani malaminsa ne, wani kuma shi ne zai sa hannu a takardar hutunsa. Kowa yana so maƙalarsa ta shiga fitowar da ke tafe, ko a ba shi takardar shaidar an karɓa tun kafin masu tantancewa su dawo da rahoto. Editan da darakta zai iya cirewa da safe ɗaya ba ya iya cewa a'a. Don haka muke ganin dole a rubuta a cikin dokar mujalla cewa majalisar masana ta cibiya ce ke naɗa babban edita, na wa'adin shekaru sanannu, kuma ba a tsige shi sai da dalilin da aka rubuta. Kada kuma wa'adinsa ya ƙare tare da na darakta, don kada su fita rana ɗaya su bar mujalla ba mai riƙo.

Akwai kuma maƙalolin ƴan gida. Ba mu ce a hana malaman cibiya bugawa a mujallarsu ba, domin don aikinsu aka kafa ta. Sai dai fitowar da duk marubutanta ƴan hawa ɗaya ne na gini ɗaya ba ta da kwarjini a idon kowane kwamiti. In kuwa edita da kansa ne ya kawo maƙala, to ya fita daga zancen gaba ɗaya, wani memba ya zaɓi masu tantancewa ba tare da saninsa ba.

Tantancewa a ɓoye, inda marubuci bai san mai duba shi ba, mai dubawa kuma bai san marubuci ba, ita ce ƙa'idar da kusan kowace mujalla ke iƙirarin bi. A fage mai mutane kaɗan abin yana da wuya. In maƙala ta zo kan karin harshen Hausar Adar ko kan wani fili na binciken kayan tarihi, cire suna daga shafin farko ba ya ɓoye kowa, domin masu aikin ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Maganin da muka fi amincewa da shi shi ne a riƙa neman mai tantancewa ɗaya daga cikin biyu a wajen jami'ar. Ga maƙalar Faransanci akwai Dakar da Wagadugu da Bamako. Ga ta Hausa kuwa, Kano da Zariya da Sakkwato sun fi kusa da Maraɗi ta kowace fuska. Amma wannan yana jawo wani hukunci da kwamitin editoci ba zai iya kauce masa ba, wato na ƙa'idar rubutu. Tsarin da Nijar ta tabbatar a 1999 yana amfani da harafin ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y, kuma kalmomin aro namu daga Faransanci suke, nasu daga Ingilishi. In mujalla ba ta faɗi matsayinta a rubuce ba, mai tantancewa na can zai cika rahotonsa da gyaran abin da ba kuskure ba ne, ya bar ainihin hujjar maƙala ba a taɓa ba.

Game da kuɗi, za mu taƙaita. Waɗanda suka yi aiki a 1994 suna tuna yadda karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairu ta ɗaga farashin takarda da tawada, tun da daga waje ake shigo da su. Yau bugawa a intanet ta rage wannan nauyi. Manhajar OJS kyauta ce, dandalin AJOL da aka fara a 1998 yana ɗauke da ɗaruruwan mujallun Afirka, kundin DOAJ na 2003 kuma yana karɓar mujallar da ke bayyana ƙa'idojinta a fili. Haɗarin da ya maye gurbin na da shi ne kuɗin da ake karɓa daga marubuci. Ba haramun ba ne, amma in da shi kaɗai mujalla ke rayuwa, kowace maƙalar da aka ƙi asara ce ga asusu, kuma edita ya san haka. Mafi ƙarancin kariya shi ne kada a karɓi ko dala sai bayan an yanke hukunci, kuma kuɗin ya bi ta hannun akawun cibiya da rasit.

Saura abin da aka fi rainawa, wato aikin magatakardan mujalla. Shi ke riƙe da rajistar da ake rubuta ranar isowar kowace maƙala, ranar da aka aika ta, da ranar hukunci. Wannan rajista ita ce shaidar mujalla duk ranar da wani ya yi ƙorafin an tsallake shi. A wurinsa ne kuma ya kamata a sami takardar lambar ISSN, da rahotannin masu tantancewa, da kwafin kowace fitowa, da kalmomin sirri na shafin intanet. Kada a buɗe adireshin mujalla ko a yi rajistar sunan shafinta da sunan wani malami, komai amincinsa; a yi da sunan cibiya, a rubuta kalmomin sirri a rufe cikin ambulan a ofishin darakta, a kuma sauya su duk lokacin da sabon edita ya karɓi aiki.